Tsadar man fetur da tsadar rayuwa: tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da aka ƙara kuɗin mai, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa bakin mutane, ko a wace ƙasa suke. Wasu na da amsa a sarari, wasu kuma masana kansu suna jayayya a kai. Ga waɗanda aka fi yi.

Ba ni da mota, ba ni da babur. Ina ruwana da farashin mai?

Ruwanka ne, kuma wataƙila ka fi mai motar jin jiki. Mai mota yana ganin ƙarin da idonsa a gidan mai, yana iya rage yawo ko ya ajiye motar. Kai kuwa naka ƙarin a ɓoye yake zuwa, a cikin kuɗin motar haya, a cikin kuɗin hatsi, sabulu, magani, siminti, littafin yaro. Da wuya ka ɗaga wani abu a cikin gidanka wanda bai hau mota ba kafin ya iso gare ka, kuma yawanci ba sau ɗaya ba: daga gona ko masana'anta zuwa rumbun ajiya, daga can zuwa babban dillali, daga nan zuwa mai shago. Kowane zango an ƙona mai, kuma kowa a kan hanyar yana ɗora abin da ya kashe a kan wanda ke gabansa. Mai saye na ƙarshe ba shi da wanda zai ɗora wa.

Ban da jigila, shi kansa ɗanyen man yana cikin kayan. Daga gare shi ake samun roba da leda da kwalta da fenti da wasu nau'o'in yadi da tayoyin mota. Ko kayan bai motsa daga inda yake ba, tsadar mai ta riga ta taɓa shi tun a wajen ƙera shi.

Tsakanin fetur da dizal, wanne ne ya fi tayar da farashin kaya?

Dizal, nesa ba kusa ba. Fetur ne ake yi wa surutu saboda shi masu ƙananan motoci ke sha, su kuma suna da baki. Amma manyan motocin dakon kaya, taraktoci, injinan haƙar ma'adinai, jiragen ƙasa da yawa, manyan janaretocin masana'antu da asibitoci, duk dizal suke ci. Jiragen ruwa, waɗanda ke ɗauke da sama da kashi 80 cikin ɗari na kayan cinikin duniya idan aka auna da nauyi, su ma dangin wannan mai suke ƙonawa.

Akwai kuma wani bambanci. Mutum yana iya fasa zuwa yawon shaƙatawa don ya rage shan fetur. Mai tirela ba ya iya fasa kai kaya, manomi ba ya iya ɗage huɗa sai mai ya yi araha, domin damina ba ta jira. Saboda haka buƙatar dizal ba ta raguwa sosai ko ya yi tsada, sai dai a biya a ɗora a kan kaya. Matatar mai ma ba ta da ikon mayar da gangar ɗanyen mai duka ta zama dizal, akwai iyakar abin da kowace ganga za ta iya bayarwa. Shi ya sa a 2022, da Turai ta fara janye jiki daga dizal ɗin Rasha, aka ga dizal ya fi fetur tsada a wuraren da aka saba ganin akasin haka.

Wanda ke son sanin inda farashin abinci zai dosa nan da 'yan watanni, ya sa ido a kan dizal.

Wa ke yanke farashin mai tun daga tushe?

Babu mutum ɗaya ko ƙasa ɗaya. Duniya na shan mai kimanin ganga miliyan 100 a kowace rana, ganga ɗaya kuma lita 159 ce. Ana cinikinsa a kasuwannin duniya da dalar Amurka, kuma farashin yana hawa yana sauka gwargwadon abin da aka haƙo, abin da ake buƙata, da kuma abin da 'yan kasuwa ke tsoron zai faru gobe. Tsoron nan ba ƙaramin abu ba ne. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha yana bi ta mashigin Hormuz, wata 'yar siririyar hanyar ruwa tsakanin Iran da Oman, don haka ko barazanar rufe shi kaɗai ta isa ta ɗaga farashi kafin a tare jirgi ko guda.

Ƙungiyar OPEC ta ƙasashe masu fitar da mai tana da ƙarfin faɗa a ji. An kafa ta a Bagadaza a 1960, ƙasashe biyar ne suka fara ta: Saudiyya, Iran, Iraƙi, Kuwait da Venezuela. Tun 2016 take haɗa kai da Rasha da wasu ƙasashe wajen tsara yawan man da za a fitar. Sai dai ba ita ke rubuta farashi ba, yawan abin da mambobinta ke haƙowa kawai take ragewa ko ƙarawa, kuma ƙasar da ta fi kowa haƙo mai yanzu, wato Amurka, ba ta cikinta.

Kasuwar tana da saurin juyawa fiye da yadda ake zato. A Yulin 2008 ganga ta kai dala 147, kafin ƙarshen shekarar ta faɗo ƙasa da dala 40. A Afrilun 2020, lokacin kullen korona, farashin wani nau'in ɗanyen man Amurka ya faɗi ƙasa da sifili na yini guda, domin wuraren ajiya sun cika babu inda za a zuba shi. Bayan shekara biyu, da Rasha ta mamaye Ukraine, ganga ta haura dala 120.

An ce ɗanyen mai ya sauka a kasuwar duniya, amma a gidan mai ban ga canji ba. Yaudara ce?

Ba lallai ba ne. Ɗanyen mai yanki ɗaya ne kawai na kuɗin da kake biya. Akwai kuɗin tacewa, kuɗin jirgi da inshora, kuɗin ajiya, kuɗin tankar da ta kawo shi, ribar mai gidan mai, sannan haraji. A ƙasashen Turai da dama kusan rabin kuɗin litar fetur haraji ne, shi ya sa ko ɗanyen mai ya faɗi da rabi, direba ba zai ga rabin ba.

Babban abin da ke cinye sauƙin a ƙasashe masu raunin kuɗi shi ne canji. Tunda da dala ake sayen mai, idan ganga ta sauka da kashi goma amma kuɗin ƙasarku ya rasa kashi ashirin na darajarsa a gaban dala, to a wurinku mai ƙara tsada ya yi. Mutane da yawa suna zagin kasuwar mai alhali ciwon yana kasuwar canji.

Mene ne haɗin mai da abinci, ban da kuɗin motar da ta ɗauko shi?

Haɗin ya fara tun kafin a shuka iri. Takin zamani mai sinadarin naitirojin, irin su yuriya, daga iskar gas ake yin sa, kuma gas ɗin ne mafi yawan kuɗin da ake kashewa wajen sarrafa shi. Farashin gas da na mai sukan tashi tare. A 2022, da gas ya yi tashin gwauron zabi a Turai, masana'antun taki da yawa a can sun rage aiki ko sun tsaya, taki ya yi tsada a duk duniya. A watan Maris na wannan shekarar ma'aunin farashin abinci na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya kai matsayin da bai taɓa kaiwa ba, ko da yake yaƙin da ya tare alkama da man girkin Ukraine yana da nasa kason a ciki.

Sai injin ban-ruwa, tarakta, injin girbi, injin niƙa, ɗakin sanyi, kwale-kwalen masunta. Kowannensu mai yake sha ko wutar da aka samar da mai.

Abin da ya fi muni a nan shi ne jinkirin da illar ke yi kafin ta bayyana. Manomin da taki ya fi ƙarfinsa bana zai rage zubawa ko ya rage faɗin gonar. Ba za a ga sakamakon ba sai lokacin girbi, amfani ya ragu, farashi ya sake hawa, a lokacin kuwa wataƙila man ma ya riga ya sauka, mutane suna mamakin abin da ya faru.

Akwai wata hanya ta uku da ba a cika lura da ita ba. A Amurka sama da kashi ɗaya cikin uku na masarar da ake nomawa ana mayar da ita sinadarin itanol ne a gauraya da fetur, a Brazil kuma rake ake yi wa haka. Idan mai ya yi tsada, sayar wa matatar itanol ya fi riba, sai abin da zai je kasuwar abinci da na dabbobi ya ragu.

Idan kuɗin mai ya ninka, dole ne kuɗin kaya ma ya ninka?

A'a, kuma a nan ne ake yawan cutar mai saye. A yi lissafi da misali. A ce kana sayen wani kaya a kan ɗari, a cikin ɗarin nan goma ce kuɗin jigila. A cikin goman kuma a ce huɗu ce kuɗin mai, sauran na direba ne da taya da gyara da ribar mai mota. Idan mai ya ninka, huɗun nan ta zama takwas. Kayan ya kamata ya koma ɗari da huɗu, ba ɗari biyu ba. Ko an haɗa da man da aka ƙona wajen ƙera shi, da wuya a kusanci ninki.

Lissafin yana canzawa gwargwadon kaya. Abu mai nauyi marar tsada, kamar yashi, bulo, ruwa ko itace, kuɗin ɗaukarsa babban yanki ne na farashinsa, don haka shi ne ke fara tashi kuma ya tashi sosai. Haka kayan gona masu saurin lalacewa da ake kawowa daga nesa. Amma wayar hannu ko agogo, kuɗin jigilarsu bai taka kara ya karya ba.

To me ya sa wasu kaya ke tashi fiye da lissafi? Wani lokaci ɗan kasuwa yana hangen cewa idan ya koma saro, kayan sun ƙara kuɗi, sai ya sa farashin gobe tun yau don kada jarinsa ya karye. Wannan ana iya yi masa uzuri. Shi ma kuma magidanci ne, kuɗin motarsa da cefanensa sun ƙaru, yana neman inda zai cike. Amma akwai masu fakewa da guzuma su harbi karsana: sun san kowa ya ji an ƙara mai, babu wanda zai yi musu, sai su ƙara abin da suka ga dama. Inda masu sayarwa suke da yawa, gasa tana gyara wannan cikin lokaci. Inda kamfani biyu ko uku ne suka riƙe kaya, ƙarin yakan zauna daram.

Me ya sa idan mai ya sauka, kaya ba sa saukowa?

Da farko a rarrabe abu biyu. Idan aka ce hauhawar farashi ta ragu, ba ana nufin kaya sun yi araha ba ne, ana nufin saurin hawansu ne ya ragu. A Amurka hauhawar ta kai kashi 9.1 cikin ɗari a Yunin 2022, watan da galan ɗin fetur ya haura dala biyar. Daga baya fetur ya sauka, hauhawar ma ta sauka, amma yawancin kaya sun tsaya a sabon matsayinsu.

Dalilin shi ne tsadar mai tana haifar da wasu ƙare-ƙaren da ba sa komawa baya. An ƙara kuɗin haya, an ƙara ladan aiki, an ƙara kuɗin makaranta, an sake rubuta kwangiloli. Ba wanda zai yarda a rage masa albashi don mai ya sauka. Sannan ɗan kasuwa yana tsoron ya rage yau mai ya sake tashi gobe. Mai saye kuma ya riga ya saba da sabon farashi, ya daina ciniki a kai. Ko a gidan mai kansa, masana tattalin arziki sun daɗe da lura cewa ƙari yana isowa cikin kwanaki, ragi kuwa sai ya ɗauki makonni.

Wa ya fi shan wahala?

Wanda kuɗin shigarsa ba ya motsi: mai albashi, ɗan fansho, ɗan ƙwadagon da ake biya a yini kuma ba shi da bakin neman ƙari. Ɗan kasuwa yana iya gyara farashinsa da safe. Malamin makaranta sai ya jira shekara, ko shekaru.

Tun 1857 wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya nuna cewa gwargwadon talaucin gida gwargwadon yawan kason kuɗinsa da ke tafiya a abinci. Gidan da rabin abin da yake samu ke tafiya a ciki, wani kaso kuma a kuɗin motar zuwa aiki, ba shi da wani abin more rayuwa da zai yanke. Abin da zai rage shi ne nama, magani, ko karatun yaro. Mai hali zai ƙona mai fiye da shi sau da yawa, amma ƙarin ba zai hana shi barci ba.

Mazauni ma yana da tasiri. Masu ƙaramin ƙarfi sukan zauna a bayan gari saboda haya ta fi sauƙi, sai tsadar sufuri ta cinye sauƙin. Mutumin karkara kuma duka biyu yake sha: abin da yake saye daga birni ya ƙara kuɗi, abin da yake sayarwa kuma dillali zai taya shi da rahusa, ya ce kuɗin mota ya tashi.

Ƙasar da ke haƙo mai fa, ba ta tsira ba?

Baitulmalin gwamnati yana iya cika, aljihun ɗan ƙasa yana ramewa. Haƙo ɗanyen mai daban, tace shi daban. Angola da Meziko suna fitar da ɗanyen mai, amma suna shigo da kaso mai yawa na tataccen man da suke sha, a farashin duniya. Ko inda ake tacewa a gida, kowace gangar da aka sayar da araha a cikin ƙasa ganga ce da za a iya sayarwa da tsada a waje, wani ne ke ɗaukar wannan asarar. Norway, mai arzikin mai, tana cikin ƙasashen da fetur ya fi tsada a duniya. Ta zaɓi ta tara kuɗin man a wani asusu da ta kafa a 1990 maimakon ta rabar da shi a gidajen mai.

To ba sai gwamnati ta ba da tallafi farashin ya zauna ba?

Tana iyawa, kuma da yawa suna yi. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 tallafin da gwamnatoci suka biya kai tsaye a kan mai da gas da kwal ya kai dala tiriliyan 1.3. Tallafi yana kwantar da hankali nan take, kuma talaka yana amfana da shi ta kuɗin mota da na abinci. Wannan gaskiya ce da masu sukar tallafi ke yawan tsallakewa.

Matsalarsa ita ce wanda ya fi shan mai shi ya fi cin tallafi. Binciken asusun a ƙasashe masu tasowa ya nuna kashi 20 cikin ɗari na gidajen da suka fi wadata suna kwashe ninki shida na abin da kashi 20 na ƙasa ke samu. Sannan mai mai araha yana tsallaka iyaka. Shekaru da dama fetur ɗin Venezuela, wanda ya kusan zama kyauta, yana kwarara zuwa Kolombiya ta hannun 'yan fasa-ƙwauri. Kuma kuɗin tallafi daga wani wuri yake fitowa: ko a rage na asibiti da hanya, ko a ci bashi, ko a buga sabon kuɗi. Na ƙarshen nan yana karya darajar kuɗin ƙasa, sai tsadar da aka kora ta dawo ta wata hanya. Sri Lanka ta nuna ƙarshen wannan hanya a 2022: dalar sayen mai ta ƙare, mutane suka kwana a layi, har shugaban ƙasa Gotabaya Rajapaksa ya tsere daga ƙasar a watan Yuli.

Idan haka ne, me ya sa cire tallafi ko ƙara harajin mai ke jawo tarzoma?

Saboda zafin yana zuwa yau, amfanin kuma alƙawari ne, mutane kuwa sun sha ganin alƙawarin da bai cika ba. A Venezuela a 1989 ƙarin kuɗin fetur da na motar haya ya tayar da tarzomar da aka kashe ɗaruruwan mutane. A Faransa zanga-zangar masu rigunan rawaya ta ɓarke a Nuwamban 2018 kan harajin dizal, gwamnati ta janye ƙarin. A Ekwado a Oktoban 2019 shugaba Lenin Moreno ya cire tallafi, zanga-zanga ta sa ya kwashe gwamnatinsa daga Quito zuwa Guayaquil, cikin ƙasa da mako biyu ya soke dokar. A Kazakhstan a Janairun 2022 ninka kuɗin gas ɗin mota ne ya kunna wutar da ta ci rayuka sama da 200.

Inda abin ya zo da ɗan sauƙi, yawanci an fara ba mutane wani abu a hannu. Indonesiya ta ƙara kuɗin mai fiye da ninki a Oktoban 2005, amma ta haɗa da raba kuɗi kai tsaye ga miliyoyin gidaje marasa ƙarfi. Iran a Disamban 2010 ta zuba wa 'yan ƙasa kuɗi a asusun banki kafin ranar ƙarin, suna ganin kuɗin da idonsu, aka wuce ba tare da tashin hankali ba. Ita dai wannan Iran ɗin a Nuwamban 2019 ta ƙara farashi cikin dare ba sanarwa, aka yi zanga-zangar da aka zubar da jini har aka katse intanet. A ganina darasin bai da wuyar karantawa: tsarin da aka bi da amincewar da ke tsakanin jama'a da masu mulki sun fi yawan ƙarin kansa tasiri. Sai dai kuɗin da ake rabawa ma hauhawar farashi tana cinye shi idan ba a riƙa ƙara shi ba, kamar yadda ya faru da na Iran.

Gwamnati ta ƙayyade farashi kawai, ta hukunta wanda ya saɓa?

Idan farashin da aka ƙayyade bai biya mai kawo man ba, zai daina kawowa. Sai layi, sai 'yan bumburutu, sai ka biya fiye da farashin da aka hana, ga kuma yinin da ka ɓata. Amurka ta gwada a shekarun 1970, har ta kai ana shan mai bisa lambar mota, masu lamba mara yau, masu lamba cika gobe. An cire ƙayyadewar a 1981.

Ƙarin albashi zai magance matsalar?

Yana rage raɗaɗi ga wanda ya samu, kuma haƙƙi ne a nema idan albashi ya daina kai mutum ƙarshen wata. Amma bai kai ga kowa ba. A ƙasashe da yawa mafi yawan masu aiki ba su da albashi, sana'ar hannu ce ko ƙaramin kasuwanci. Idan kuma buga kuɗi aka yi aka biya ƙarin, kasuwa za ta karɓe shi cikin 'yan watanni. Tallafa wa sufurin jama'a yakan isa ga mutane fiye da haka. Jamus ta gwada daga Yuni zuwa Agustan 2022, ta sayar da tikitin wata guda a kan yuro tara, wanda ke aiki a bas da ƙananan jiragen ƙasa a faɗin ƙasar.

Me ya sa babban banki ke ƙara kuɗin ruwa idan mai ya yi tsada? Ai ba zai haƙo mai ba.

Gaskiya ne, ba zai ƙara ko lita ɗaya ba. Abin da yake gudu shi ne kada ƙarin mai ya zama ɗabi'a: ma'aikaci ya nemi ƙari don kaya sun tashi, kamfani ya ƙara kuɗin kaya don albashi ya tashi, kowa ya shiga sa ran ƙari a kowace shekara. Idan bashi ya yi tsada, saye da zuba jari suna raguwa, 'yan kasuwa su rasa ƙarfin ƙara farashi. A ƙasa mai raunin kuɗi, ƙarin kuɗin ruwa yana kuma taimakawa wajen riƙe darajar kuɗin a gaban dala.

Maganin yana da ɗaci. Bayan tashin mai na 1979, lokacin juyin juya halin Iran, hauhawar farashi a Amurka ta haura kashi 14. Shugaban babban bankin ƙasar, Paul Volcker, ya kai kuɗin ruwa kusan kashi 20. Hauhawar ta karye, amma a 1982 rashin aikin yi ya wuce kashi 10. Magidanci mai bashi a kansa yakan sami kansa gaba kura baya sayaki: ga tsadar mai, ga tsadar bashi.

An taɓa shiga irin wannan hali aka fita?

An taɓa. A Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka daina sayar wa Amurka da Holan da wasu ƙasashe saboda goyon bayan Isra'ila a yaƙin wannan watan. Cikin 'yan watanni ganga ta tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12. Holan ta hana tuƙa mota ranar Lahadi. Amurka ta ƙayyade gudun mota a mil 55 cikin sa'a. A 1974 aka kafa Hukumar Makamashi ta Duniya a Paris, wadda ta wajabta wa mambobinta ajiye man da ya kai yawan abin da suke shigowa da shi a kwana 90.

Abin lura shi ne matakan da suka daɗe suna amfani ba na gaggawa ba ne. Faransa ta juya ga tashoshin nukiliya don samar da wuta. Brazil ta fara shirin itanol na rake a 1975. Ƙananan motocin Japan marasa shan mai suka mamaye kasuwa. Ƙasashen da suka rage dogaro da mai a lokacin, tashin da ya biyo baya bai buge su da ƙarfin na farko ba.

Motar lantarki da wutar hasken rana fa?

Suna raba mutum da gidan mai, amma sai mai kuɗin farawa. Farashin faifan hasken rana ya faɗi da kusan kashi 90 tsakanin 2010 da 2020, saboda haka ga mai shago ko manomin rani da ke ƙona mai kullum a janareta ko injin ban-ruwa, lissafin yakan fita. Motar lantarki kuwa tana buƙatar wutar da za a dogara da ita. A Norway mafi yawan sababbin motocin da ake saye na lantarki ne, amma can wuta a wadace take daga madatsun ruwa, kuma gwamnati ta yafe haraji mai yawa. Ko ka sayi taka, abincinka dai har yanzu a motar dizal yake zuwa.

Me magidanci zai iya yi da kansa?

Kaɗan ne, kada a ruɗe ka da jerin dabaru kamar su za su mayar da abin da aka rasa. Amma kaɗan ɗin ma wani abu ne. Ga mai mota, gudu ne babban ɓarawon mai: da zarar an wuce kimanin kilomita 80 cikin sa'a, shan mai yana ƙaruwa da sauri. Tayar da ba ta da isasshiyar iska, kaya masu nauyi da aka manta a but, barin inji yana aiki a tsaye, duk suna ci. Haɗa buƙatu a fita ɗaya, da yin karo-karo da abokan aiki a mota ɗaya, sun fi duk waɗannan tasiri. A wajen cefane, haɗa kuɗi da maƙwabta a sari kaya marasa lalacewa yana rage yawan hannun da kayan ke bi. Mai ƙaramar sana'a kuma ya zauna ya fitar da ainihin kason mai a cikin kuɗin da yake kashewa kafin ya ƙara farashi, don kada ya kori masu saye a banza, kada kuma ya riƙa sayarwa a faɗuwa bai sani ba.

A guji magungunan da ake tallatawa wai ana zubawa a tanki ko a maƙala a inji su rage shan mai da rabi. Da suna aiki, da kamfanonin ƙera motoci sun daɗe da sa su.

In sayi mai da yawa in ajiye a gida kafin a sake ƙarawa?

Kada ka yi. Fetur ba ya jure ajiya, cikin 'yan watanni yake fara lalacewa, musamman a wuri mai zafi, kuma lalataccen mai yana toshe inji. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya yi nisa da jarkar, ya tarar da murhu ko tartsatsin wutar lantarki a wani ɗaki. Ribar da za ka samu a 'yan jarkoki ba ta kai kuɗin ƙofa ɗaya ta gidan ba. Sannan idan kowa ya ruga ya cika jarka, ƙarancin da ake tsoro sai ya tabbata. An ga haka a Birtaniya a Satumban 2021: man yana nan a rumbunan ajiya, direbobin tanka ne suka yi ƙaranci, amma rububin saye ya ƙarar da gidajen mai da yawa cikin 'yan kwanaki.